Kwamfutar Shagon Kawu a Kantin Kwari: Yadda Muka Zaɓi Na'ura da Mai Kula da Ita

Shagon kawuna yana hawa na farko a ɗaya daga cikin gidajen Kantin Kwari. Sarin atamfa da shadda yake yi, da yara huɗu da magatakarda ɗaya mai riƙe lissafi, ga kuma sito a bayan kasuwa. Yawancin cinikinsa ba na hannu da hannu ba ne. 'Yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Gombe da Yola sukan ɗauki kaya su ba da wani abu, saura sai an sayar. Saboda haka dukiyar shagon kashi biyu ce: akwai wadda ke jibge a kanta kowa na gani, akwai wadda ke hannun mutane, ita kuwa ba ta da wata shaida sai abin da aka rubuta. Shekaru da dama ke nan da wannan rubutu ya bar babban littafi ya koma cikin Excel, manhajar jera lissafi, a wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke girke a ƙasa, dab da ƙafar magatakarda.

A azumin 2025, saura kamar kwana goma sallah, lokacin da Kwari ba masaka tsinke, kwamfutar ta ƙi tashi. Ba farat ɗaya ta mutu ba. Ta yi makonni tana nawa, tana sandarewa a tsakiyar aiki, amma ba wanda yake da sukunin kula ta a irin wannan lokaci. Magatakarda ya kira wani mai gyara da ya saba zuwa, ya ɗauke ta ya tafi, washegari ya dawo da ita tana aiki sumul. Da aka buɗe, babu komai a ciki. Ya goge faifan ajiyar ya ɗora sabon Windows a kai, bai tambayi kowa ko akwai abin da ake bukata ba, shi ma ba wanda ya gaya masa cewa bashin mutum sama da ɗari yana cikin wannan akwati.

Ni aikin akanta nake yi a wani ofis, ina kuma ɗan taɓa harkar kwamfuta, shi ya sa bayan sallah Kawu ya aika a kira ni. Abu na farko da na yi shi ne na hana a sake kunna na'urar, domin duk sabon abin da aka rubuta a faifan yana iya hawa kan tsohon da ake son cetowa. Mun kai faifan wurin masu dawo da bayanai, aka samu wani tsohon kwafin lissafin da ya tsaya a kusan wata biyar baya. Waɗannan wata biyar ɗin da hannu muka sake gina su: daga guntayen rasit, da alat ɗin banki, da saƙonnin WhatsApp da ke wayar Kawu. Inda duk waɗannan suka ƙare, sai amanar mutane. Ba zan manta wani dattijo daga Maraɗi ba, wanda da aka kira shi ya faɗi abin da ake binsa, adadin ya zarce abin da Kawu yake tunawa. Akwai kuma waɗanda suka ce sun biya, ba mu da abin da za mu nuna musu, aka bar su da Allah.

Ranar da muka gama wannan aiki Kawu ya ce da ni, "Ɗana, je ka sayo min wadda ta fi kowace tsada, kada in sake ganin irin wannan."

Na ce, "Kawu, a yi min haƙuri kwana biyu in zauna a shagon tukuna, in ga abin da ake yi da ita."

Zaman nan ya amfane mu fiye da duk wani bincike. Na ga aikin na'urar bai taka kara ya karya ba: Excel, rubuta rasit, duba asusun banki ta intanet, da buga takardar kayan da za a ɗora a mota. Kwamfuta matsakaiciya ma ta fi ƙarfin wannan. Abin da ke kashe na'ura a shagon ba nauyin aiki ba ne. Wuta ce da ƙura da zafi. A yini guda na ƙirga an sauya daga wutar gari zuwa ta maja, wato ta janaretan haya, an kuma dawo, har sau shida, kowane sauyi kuma kwamfutar mutuwa take yi a tsakiyar rubutu, domin ba ta da UPS, akwatin batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta. Tsohon faifai mai juyawa ba abin da ya tsana kamar a yanke masa wuta yana cikin aiki. Da na buɗe murfin akwatin, na tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da burbushin zaren yadi sun yi dambu a bakin fanka kamar auduga. Duk wanda ya san shagon yadi ya san wannan burbushi, ba ya ganuwa a iska amma yana taruwa. Ga shi a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Sannan Windows 7 ne a kanta, wanda Microsoft ta daina aika masa gyaran tsaro tun Janairun 2020, kuma da ita ake shiga asusun banki. Yaran shago kuma kowa yana soka wayarsa ya yi caji ko ya kwafi fim.

Magatakarda ya so a sayi laftof, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: tana da batirinta a jiki, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Na daɗe ina juya maganar. Abin da ya sa na ƙi shi ne laftof tana da ƙafa. Yau an tafi da ita sito, gobe an kai ta gida yaro zai yi aikin makaranta, jibi an ajiye ta a kan dila a cikin cunkoso an waiwayo babu ita. Na'urar da ke ɗauke da sirrin bashin mutane ya kamata ta zauna wuri guda. Ban da haka, laftof da take jone da wuta daga safe zuwa yamma cikin irin wannan zafi batirinta yakan kumbura, kuma idan allonta ko madannanta suka lalace gyaran ya fi tsada. A kwamfutar tebur kuwa, madannai suka mutu, sai ka sayo wasu a bakin titi ka soka.

Sabuwa dal a kwali daga wurin dila ita ce ta fi kwantar da hankali, da garantin shekara guda. Na je na yi tambaya. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 farashin ya yi sama sosai, har ya zama kuɗin sabuwa guda ɗaya zai sayi na hannu biyu masu kyau da ragowar canji. Kuma da na bi diddigin yadda garantin yake aiki, sai na gane idan ta lalace ɗaukarta za a yi a tafi da ita, a jira kayan gyara, wataƙila makonni. Garanti yana kare kuɗinka, amma ba ya buɗe maka shago ranar Litinin. Wadda ake harhaɗawa da hannu ma na duba, sai dai ƙarfinta na masu zane da haɗa bidiyo ne, tana cin wuta, kuma ingancinta ya dogara kacokan ga tsoron Allahn wanda ya haɗa.

Sai na karkata ga ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. An ƙera su ne don ma'aikatu masu kunna na'ura yini guda, ana buɗe su cikin sauƙi, kayan gyaransu kuma sun wadata a Farm Centre da titin Beirut. Mafi ƙanƙanta a cikinsu girmanta bai wuce littafi mai kauri ba. Cajarta a waje take kamar ta laftof, mai wat 65, kuma a aikin Excel ba ta cin ko rabin haka. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. UPS ƙarami zai riƙe ta da allonta na tsawon lokacin da ya ishi a sauya wuta ko a adana aiki a kashe. Idan kuma wuta ta yi tsalle, galibi cajar ce take ƙonewa ta bar na'urar, caja kuwa abu ne da ake sayowa a dawo kafin la'asar.

A nan ne wani abu ya shigo wanda mai saye ba zai gane shi da ido ba. A lokacin, Microsoft ta riga ta sanar cewa Windows 10 zai daina samun gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025, wato saura wata shida kacal. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa: idan ƙwaƙwalwar na'urar (processor) ta kamfanin Intel ce, sai ta ƙarni na 8 zuwa sama, da kuma abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Kasuwa cike take da na ƙarni na 6 da na 7, masu kyawun jiki da araha, wasu ma an cusa musu Windows 11 ta bayan gida suna aiki kamar ba komai. Mai shago zai ce maka "Core i5 ce, Alhaji," kuma bai yi ƙarya ba, sai dai i5 suna ne da aka shafe shekara da shekaru ana amfani da shi. Lambar da ke bayan sunan ita ce magana. i5-6500 ƙarni na 6 ce, i5-8500 ƙarni na 8. A shago uku sai da na sa aka kunna na'ura na karanta lambar da idona, a biyu daga ciki abin da na gani ya saɓa da abin da aka faɗa min da baki.

Mun sayi guda biyu iri ɗaya, i5-8500T, kowace da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, mai gigabait 8. Na sa aka cire faifan da suka zo da shi aka saka sabon SSD, faifan da ba ya juyawa, mai gigabait 256 a gabana, domin a kayan hannu faifai ne abin da ban yarda in gada daga wani ba. Na tabbatar babu kalmar sirrin tsohon mai ita a BIOS, wato saitin da na'ura ke fara tashi da shi, na tabbatar lasisin Windows ɗin na asali ne wanda ya zo tare da na'urar, na bar su a kunne sama da sa'a guda ina sauraron fanka. Kawu ya yi mamakin guda biyun. Na ce masa ta biyun za ta zauna a teburin rasit tana aiki, ranar da ta farko ta faɗi kuma ita za ta hau kujerarta nan take. Mun ɗaure kowace a bayan allonta, nesa da ƙasa inda ƙura take kwanciya. Mun sayi UPS mai daidaita ƙarfin wuta ga kowace, da caja guda ta ajiya. Firintar lesa ba mu jona ta a UPS ba, domin lokacin da take ɗumama tana jan wuta mai yawa da za ta durƙusar da shi.

Duk wannan ya ɗauki mako guda. Zaɓen wanda zai kula da su ya ɗauki kusan wata, kuma a nan ne muka fi samun saɓani da Kawu.

Wanda ya sayar mana ya ba da garantin mako biyu, ya ƙara da cewa ko bayan nan a kira shi. Na san wannan magana ta fatar baki ce. Mutumin kirki ne, amma sana'arsa saye da sayarwa, ba zai rufe shagonsa ya zo Kwari don Excel ya ƙi buɗewa ba. Hanya ta biyu ita ce wadda aka saba: a kira mai gyara idan an samu matsala, a biya shi ladan zuwa. Ita ce ta jefa mu a halin da muka shiga, kuma laifin ba na mutum ɗaya ba ne, na tsarin ne. Wanda ake biya don ya tayar da na'ura, burinsa na'ura ta tashi, hanya mafi sauri kuma ita ce ya goge komai ya sake ɗorawa. Ba ruwansa da abin da ke ciki, kuma ba shi da wata riba idan na'urarka ta shekara lafiya. Na kuma tuntuɓi wani kamfani mai kula da kwamfutocin makarantu da ofisoshi. Tsarinsu ya burge ni, sai dai kuɗinsu na wata an yanka shi ne don mai na'ura ashirin, ba biyu ba.

Wanda muka tsaya a kansa wani matashi ne mai ƙaramin shagon gyara, da yaro ɗaya, wanda yake kula da kwamfutocin wasu shaguna a cikin kasuwar. Abin da ya ja hankalina gare shi tambayarsa ta farko ce. Kafin ya tambayi irin na'urar, sai ya ce, "Yallaɓai, ina kuke ajiye kwafin lissafin?" Na je shaguna biyu da yake wa aiki na yi tambaya a bayan idonsa, ba kan gwanintarsa kaɗai ba, har da bakinsa, domin wanda zai ga sunayen masu bashi da adadin da ake bin kowa dole ya zama mai riƙe sirri.

Da na kawo maganar biyansa duk wata, Kawu ya ɓata rai. "Yanzu in ɗauki kuɗi in ba mutum alhali ba abin da ya lalace?"

Na ce, "Kawu, mai gadin sito fa? Watan da ɓarawo bai zo ba, ana hana shi albashi?"

Ya yi shiru, sannan ya ce a rubuta. Shi da kansa ya kawo hujjar, ya ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba zai ji kunyar rubuta yarjejeniya ba, ko da da ɗan cikinsa ne.

Takardar shafi ɗaya ce, da Hausa. Matashin, wanda muke kira Injiniya, zai zo sau ɗaya a wata ya buɗe na'urorin ya hure ƙura, ya duba lafiyar faifai da batirin UPS, ya tabbatar gyaran tsaro yana sauka. Idan aka kira shi a lokacin kasuwa, zai amsa cikin sa'a guda, ya iso cikin sa'a uku idan abin bai gyaru ta waya ba. Zai iya shiga na'urar daga nesa ta manhajar AnyDesk, amma sai magatakarda ya danna amincewa yana kallon allo. Ba zai fita da na'ura ko faifai daga shago ba sai da izinin Kawu, ba zai goge komai ba sai an ga sabon kwafi da ido. Ba zai ɗora manhajar sata ba. Kayan gyara Kawu ne zai biya, da rasit ɗin inda aka sayo. Sharaɗin da na fi dagewa a kai shi ne na kalmomin sirri: duka an rubuta su a takarda an rufe a ambulan a wurin Kawu, kuma adireshin imel ɗin da aka yi rajistar komai da shi na shago ne, da lambar wayar Kawu. Na ga shagunan da mai gyara ya yi fushi ya tafi da makullin komai a kansa, mai dukiya ya koma yana roƙo.

Maganar kwafi kuwa, mun yi mata hanya uku. Fayil ɗin lissafin yana hawa Google Drive, ma'ajiyar Google da ke intanet, da kansa, gigabait 15 ɗin da suke bayarwa kyauta ya ishe mu nesa ba kusa ba. Akwai faifan waje guda biyu da ake musanyawa, ɗaya a shago ɗaya a gidan Kawu, saboda gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Duk ranar Alhamis kuma ana buga jerin masu bashi a takarda Kawu ya sa a aljihu. Wannan na ƙarshen shi ya fi kwanta masa a rai, ni ma ban raina shi ba. A kowane zuwan Injiniya, sai ya buɗe kwafin a ɗaya na'urar a gaban magatakarda, a ga lissafin jiya yana ciki, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba ba a san ko yana da rai ba. An kuma raba shiga gida biyu: magatakarda yana da nasa, wanda ba ya iya ɗora sabuwar manhaja, babban makulli yana cikin ambulan. Yaran shago aka saya musu soket na cajin waya a can gefe, aka huta.

Gwaji na gaske ya zo da damina. Wata ranar Asabar da hadari wuta ta yi tsalle, cajar babbar na'urar ta ƙone, saboda wani ya cire ta daga UPS ya soka a bango kai tsaye lokacin shara. Magatakarda ya kira Injiniya, ta waya ya gaya masa ya koma ta biyun ya buɗe lissafin daga Drive. Kafin ya iso da kansa an riga an ci gaba da rubuta rasit. Ya sa cajar ajiya, ya duba faifan, ya tafi. Kawu yana masallaci aka yi aka gama, sai da yamma ya ji labari.

Akwai inda tsarin ya gaza, kuma gazawar daga wurina take. Ban sa a takardar abin da za a yi idan Injiniya ba ya gari ba. Ya yi tafiyar rasuwa ta kwana biyar, firinta ta tsaya, yaronsa bai iya ba, aka koma rubuta takardar lodi da biro. Batirin UPS ɗaya kuma bai cika shekara ba ya mutu, domin na ajiye shi a lungun da iska ba ta shiga, zafi kuwa yana cin irin wannan batiri da sauri. Sannan na yi zaton magatakarda zai riƙa musanya faifan waje ba tare da an tuna masa ba. Da na duba bayan wata uku, na tarar na gidan Kawu ya yi mako bakwai ba a sabunta shi ba. Yanzu an haɗa musanyar da buga takardar Alhamis, Kawu ba ya karɓar takarda sai an miƙo masa faifai tare da ita.

Da lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, Injiniya ya nemi ƙari, ya kawo dalilin tsadar sufuri, Kawu ya ƙara masa ba tare da dogon ciniki ba. Mun saka sharaɗin cewa zai ambaci wani abokin sana'arsa da zai tsaya masa idan ba ya nan, mu gan shi mu san shi tun kafin bukata ta taso. Abin da muke tattaunawa yanzu shi ne Excel ɗin kansa. Fayil ɗin ya yi girma, kuma Kawu yana son a riƙa shigar da kayan sito daga can, ba sai an kawo takarda shago ba. Injiniya yana ganin a koma manhajar lissafi ta sosai, irin su QuickBooks ko Sage. Magatakarda yana ɗari-ɗari, ya ce hannunsa ya saba. Kawu ya ce ba za a taɓa komai ba sai bayan sallah, idan kasuwa ta lafa, kuma sai an yi wata guda ana tafiyar da tsohon da sabon tare an ga lissafinsu ya zo daidai.